Kalmar Da Ta Sauka A Tasha, Da Wadda Ta Wuce Da Mu

Ranar wata Laraba da hantsi na shiga wani ɗan shagon kwamfuta a Gagarawa, ina so a buga mini takardar kiran taron iyayen yara. Shagon bai fi ɗakin gwauro ba. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya da aka yafa wa tsumma saboda ƙura, injin fotokwafi mai yin tari kafin ya tashi, sai ɗan janareto a bakin ƙofa an ɗaure shi da sarƙa. A saman ƙofar an jera ayyukan shagon da shuɗin fenti, na ƙarshe a jerin shi ne "stationary".

Na ce wa saurayin da ke kan kujera, "Ɗana, wa ya rubuta maka allon nan?"

Ya ce, "Mai fenti ne, Malam, amma ni na rubuta masa a takarda. Da gyara ne?"

"Me kake sayarwa da sunan wancan na ƙarshe?"

"Kayan rubutu mana. Biro, fensir, littafi, ambulan, farar takarda."

Na gaya masa cewa abin da ke saman ƙofarsa yana nufin abin da ya tsaya cak ba ya motsi, kamar motar da ta mutu a bakin titi. Kayan rubutu kuwa "stationery" ne, da "e" a inda ya sa "a". Bai yi mini musu ba, yaro ne mai ladabi. Ya juya ya buga kalmomin biyu a kwamfutarsa, ya zuba musu ido, sannan ya ce, "To Malam, ai ba ta ja wa ko ɗaya jan layi ba."

Wannan amsar ce ta hana ni sakat. Yana da gaskiya: kwamfuta ta san akwai kalmar a Turanci, amma ba ta san abin da ke ransa ba. Shi kuwa wannan saurayi, ya sani ko bai sani ba, shi ne tafintan gari. A wurinsa ake rubuta takardar neman aiki, da yarjejeniyar cinikin gona, da koke zuwa sakatariya, da katin ɗaurin aure. Mun ɗora masa aikin da a da sai gogaggen akawu ke yi, ba mu ba shi ko da ƙamus ba.

Kuskurensa ma bai yi nisa da gida ba. Wanda ya san yankinmu ya san Gagarawa biyu ce, akwai Gagarawa Gari, akwai Gagarawa Tasha. Ta biyun ta samu sunanta daga layin dogon da Turawa suka ja daga Kano ya bi ta Ringim da Taura, ya ratsa ta wajenmu, ya wuce Malam Madori har Nguru, inda ya kai a 1930. "Tasha" ɗin nan ita ce "station" ta Bature. Ita da kalmomin nan biyu da suka rikita saurayin 'yan ɗaki ɗaya ne, duk sun fito daga wata kalmar Latin mai nufin tsayuwa. A tsohuwar Ingila, mai sayar da littattafai da ya kafa rumfa wuri ɗaya, ba mai yawon talla ba, shi ake ce wa "stationer", wato mai tsayayyen wuri. Ƙungiyarsu ta Landan ta samu takardar amincewar sarauta a 1557. Daga sunansu kayansu suka samu suna. Ke nan yaron da ke zaune a rumfa ɗaya yana sayar da takarda, da unguwar da jirgi ke tsayawa, da motar da ta ƙi motsi, tushensu ɗaya. Harafi ɗaya ne ya raba musu gado.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, shi ne yadda kakanninmu suka yi da "station". Ba su da ƙamus, yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba. Amma sun kama kalmar, suka lanƙwasa ta daidai bakinsu, suka ba ta masauki, suka sa ta aiki. Ta haifi tashar mota da tashar rediyo da tashar jirgin ruwa, har ta haifi ɗan tasha, wanda kowa ya san halinsa. Haka suka yi wa tikiti da fasinja da lebura da direba da kanti, da sule da sisi da kwabo. Bariki ta shigo tana nufin mazaunin soja, Bahaushe ya dubi irin zaman da ake yi a kewayenta ya ƙara mata ma'anar da Bature bai san da ita ba. Waɗannan kalmomi sun sauka daga jirgi, sun sha ruwan gari. Ba wanda za a cuta da su.

Masu cutar da mu su ne waɗanda ba su sauka ba. Muna jin su, muna furta su, muna dangwala yatsa a ƙarƙashinsu, amma ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su daga ina, kuma me ke tafe da su.

Na fara gane haka a maɗaba'a. Wata shekara aka ɗora mini kai aikin kalandar makarantarmu Kano, guda dubu. Muka yi ciniki da mai injin, ya faɗi kuɗin "impression" ɗaya, na ji da sauƙi, na ce na saya. Ni a sanina kalmar tana nufin yadda abu ya kwanta wa mutum a rai, don haka na ɗauka a bakinsu kuɗin aikin ne gaba ɗaya. Da aka kawo lissafi sai na ga ya ninka huɗu. Ashe a wurin masu ɗab'i, kowace shigar takarda cikin inji ita ce "impression", kuma tsohon injinsa launi ɗaya yake bugawa a shiga ɗaya. Hoto mai kala kuwa sai an bi ta kansa sau huɗu: shuɗi, da ja-ja, da rawaya, da baƙi. Kowane launi da nasa "plate", wanda ba farantin cin tuwo ba ne, fallen ƙarfe ne marar kauri da ake ɗora hoton aikin a kansa a naɗa wa injin. Mutumin bai cuce ni ba. Harshen sana'arsa ya yi mini, ni kuma na amsa da harshen aji. Na dawo gida da cikon kuɗin da sai da na yi wa kwamitin makaranta dogon bayani a kansa.

Daga ranar na riƙa kasa kunne idan masu ɗab'i suna magana. Ya ce maka takardar nan "gsm" ɗinta tamanin ne, kai kuma tun 2001 da layin wayar GSM ya shigo Nijeriya, haruffan nan uku waya suke nufi a wurinka. A wurinsa nauyin takarda ne, giram nawa faɗin mita ɗaya ta kowane gefe zai auna. Ya ce a bar "bleed", ba jini yake nufi ba, ɗan rarar launi ne da ake bari ya zarce bakin takarda domin idan an yanke kada farin layi ya fito. "Gutter" a unguwa kwata ce, a littafi kuwa farin filin da ke tsakiya ne, inda shafi biyu suka haɗu wajen ɗinki. "Copy" a bakinka adadin da kake so ne, a bakin tsohon ɗan jarida rubutun da ya miƙa a buga ne. Ko "ream" da yaran shago ke ce wa rim, ƙunshin takarda 500, ba asalin Bature ba ce. Daga "rizma" ta Larabci ta taso, ta bi ta Sifen da Faransa kafin ta isa Ingila, ta zagayo ta same mu a nan muna yi mata kallon baƙuwa.

Amma a cikinsu duka wadda ta fi tsaya mini ita ce "proof". A kotu hujja ce. A maɗaba'a bugun gwaji ne, fallen farko da ake cirowa a miƙa wa mai aiki ya karanta, ya gyara, ya sa hannu, kafin a saki inji. Wannan mataki shi ne ya mutu a garuruwanmu. Yau mai aiki yana tsaye a kan mai kwamfuta, janareto na shan fetur, kowa na sauri, a leƙa allo a ce "ya yi", a buga ɗari biyar.

Sakamakon yana manne a bangon kowane zaure. Na sha karɓar katin biki da aka rubuta ana maraba da "manyan baki". Baƙi ake nufi, aka rubuta baki. Na ga sanarwar da ta ce za a "daura aure", na ga "kasa" a inda ake nufin ƙasa, da "kafa" a inda ake nufin ƙafa. Muna yi wa Turanci ƙorafin kalmomi masu kama da juna, alhali a namu harshen ɗan lanƙwasan da bai kai ƙwayar gero ba ne ya raba kare da ƙare, ya raba bari da ɓari. Haruffan nan, ɓ da ɗ da ƙ, ba daga sama suka faɗo ba. A shekarun 1930 aka tsayar da su, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam na editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. A wancan zamani harafi ƙarfe ne, sai an zuba shi an ƙera shi kafin ya hau takarda. Masu jera haruffa suna da akwatuna biyu, manyan baƙaƙe a na sama, ƙanana a na ƙasa, abin da ya sa har gobe Bature ke cewa "upper case" da "lower case". Mu kuwa muna da namu suna mai kyau, babban baƙi da ƙaramin baƙi. Mutanen da suka sha wahalar ƙera ƙ da dalma ba su yar da ita ba. Mu da take zaune kyauta a cikin wayarmu, danna ɗaya ya rage, mu muka yar.

Kada a ɗauka yaranmu ne ba su da kai. Rubutun Turanci shi kansa a karkace yake. Harshe ne mai sautuka fiye da arba'in da haruffa 26 kacal. William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, masu ɗab'i suka fara daskarar da rubutu a daidai lokacin da furucin mutane ke sauyawa, sai baki ya yi gaba ya bar alƙalami a baya. Daga baya masana suka riƙa cusa haruffan da ba a furtawa domin kalma ta yi kama da kakarta ta Latin, irin "b" ɗin da ke kwance a cikin "debt". Shi ya sa "principal", shugaban makaranta, da "principle", ƙa'ida, suke da murya ɗaya. Shi ya sa "lose" da "loose" ke kayar da ɗalibi kowace shekara. Sannan ga namu kunnen. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, ba ta raba "b" da "v" ba, don haka yaron da ya tashi a nan yankinmu, a Medu ko Zarada, zai ji "pull" da "full" abu ɗaya, ya ji "copy" da "coffee" abu ɗaya. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kowane harshe da inda kunnensa ya tsaya. Ba Baturen da zai raba maka kare da ƙare a rana ɗaya. Matsalar ita ce malami ya san da wannan rami, amma ba kasafai yake tsayawa ya nuna wa yaro bakinsa da Hausa ba.

Da a katin biki da allon shago abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin ya kai gona.

Mutanen Gagarawa ba sa buƙatar a tuna musu da batun filin rake. A shekarun baya gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000 a wannan yanki da maƙwabtansa domin wani kamfani ya noma rake ya kafa masana'antar sukari, manoma da yawa suka yi ta koke, magana ta kai jaridu. Ba hukuncin wannan rigima na zo yankewa ba, tana da masu ita. Kalmomin da aka yi rigimar da su nake kallo. Manomin nan da igiya da taki da iyakar gamba ya san gonarsa. An zo masa da "hectare", shi kuma iyakar abin da ya taɓa ji shi ne eka. A kunne kamar wa da ƙane, a ƙasa kuwa hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Hekta 12,000 ta doshi eka dubu talatin. Wanda ya ji lambar yana auna ta da eka, bai ji ko rabin labarin ba.

Sai "compensation", wadda muke fassarawa da diyya. Diyya a kunnen Musulmin Bahaushe kalma ce mai nauyi, tana ɗauke da ma'anar cikakkiyar fansar abin da aka rasa. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma idan aka karɓi fili domin amfanin jama'a, abin da doka ta fi dubawa wajen biya shi ne abin da ke kan ƙasar, gini da itatuwa da shuka, ba ita ƙasar kanta ba. Dattijo ya ji an ce diyya, ya sa ran kuɗin gonar da ya gada kaka da kakanni. Jami'i ya faɗi kalmarsa, yana nufin kuɗin gawo uku da geron bana. Kowa ya tashi daga taro yana ganin an fahimci juna, sai ranar biya a gane ba a taɓa haɗuwa ba. Haka takardar da muke kira takardar mallakar fili. Sunanta "Certificate of Occupancy", kuma kalmar ƙarshen nan zama take nufi, ba mallaka ba. Izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, wanda hukuma ke da ikon sokewa bisa sharuɗɗa. Ina ganin haƙƙin kowane mai gona ne ya ji wannan da harshen da yake mafarki da shi, tun kafin ranar da zai buƙace shi.

Ga kuma "tallafi", kalmar da muka mayar buhun da ake zuba komai. Rangwamen farashin mai tallafi ne, kyautar gwamnati tallafi ce, buhun shinkafar rage raɗaɗi tallafi ne, bashin banki ma tallafi ne. Shirin noman da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 yana ɗauke da kalmar "borrowers" a cikin sunansa ƙarara, wato masu cin bashi. A bakin jama'a sai ya zama tallafin noma. Na san akwai waɗanda suka gane sarai suka yi kamar ba su gane ba, ba na wanke su. Amma akwai da yawa da suka karɓi taki da iri da zuciya ɗaya suna godiya, sai da aka zo karɓar biya suka ji sabon zance. Abin da ke ba ni takaici, Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, ta ma fi Turanci tsefe shi. Aro daban, shi ne ka mayar da abin da ka karɓa shi kansa. Rance daban, ka mayar da kwatankwacinsa. Ga bashi, ga jingina, ga haya, ga kyauta, ga gudummawa. Harshen da ya raba aron fartanya da rancen gero, ba shi za a ce ya kasa raba kyauta da bashi ba. Mu masu fassara ne muka yi ragwanci, wani lokaci kuma mai sanarwar ne ya fi son kalmar da za a tafa masa.

A shagon maganin feshi abin ya fi sauri. Manomin riɗi ya ɗauki kwalba, a jikinta an rubuta "selective" ko "non-selective". Na farko yana zaɓen ciyawar da zai kashe, na biyu duk koren da ya taɓa ya tafi. Wani an rubuta a fesa kafin tsiro, wani bayan tsiro, bambancin "pre" da "post" ne kawai. A asibiti "hypertension" hawan jini ne, "hypotension" faɗuwarsa. Haruffa biyu ko uku ne tsakanin damina da asara. Turawan ma sun ɗanɗana: a 1631 masu ɗab'in sarkin Ingila suka buga Baibul suka manta da kalmar "not" a cikin dokar hana zina, aka ci su tarar fam 300, aka karɓe musu lasisi.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin kaya. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, Hausa ɗaya ake yi da mutanen Damagaram, amma takardunsu da Faransanci suke. Abin da Bafaranshe ke kira "librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" ta Ingilishi kuwa ɗakin karatu ce. Ko a Hausar, jakar mutumin Nijar sefa dubu ce, jakar dattijonmu naira ɗari biyu. Sai dai dillalan kara ba sa faɗawa wannan rami, domin kafin a sa albarka sai an tambaya, "Jakar wa, taku ko tamu?" Sun san kuɗi ne a tsakani. Tambayar nan ta dillali ita ce muka kasa yi a gaban takarda, saboda kunyar kada a ce ba mu iya Turanci ba.

Kuma ba baƙon abu ake nema a wurinmu ba. Ƙasar nan ta gabas, daga Gumel zuwa Haɗeja zuwa Nguru, ƙasar tsangaya ce. Wanda ya taɓa zama wajen darasu ya ga yadda ake yi wa allo. Gardi ya yi satu, ya kawo, alaramma ya riƙe allon, sauran na kewaye sun kasa kunne, ana bi baƙi bayan baƙi, wasali bayan wasali. Ɗigo ɗaya ya ɓace sai an tsaya. Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya sakin sa sai gwanaye sun duba. Wace maɗaba'a ce a duniya ta fi wannan tsanani wajen bugun gwaji? Al'adar tamu ce, a jininmu take. Mun bar ta a bakin tsangaya, muka shiga shagon kwamfuta hannu rabbana.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai yanzu kowa na da ƙamus a waya, har da mai fassara. Ina amfani da su, suna da rana. Amma waya tana miƙo maka ma'anar da ta fi yawo ne, ba ta san ko a kotu kake ko a maɗaba'a ko a ofishin ƙasa ba, kuma mun riga mun ga ba ta ja wa "stationary" jan layi. Wasu za su ce maganin shi ne a gyara koyar da Turanci a makarantu. Na yarda ɗari bisa ɗari, aikina ke nan. Sai dai dattijon da za a kawo wa takarda gobe ba zai koma aji ɗaya ba. Kuma ban taɓa ganin yaron da ya riƙe ma'anar kalma da gaske ba sai ranar da ya iya faɗin ta da harshen uwarsa. Wanda aka hana shi Hausa a aji, aka ce ya haddace bayanin Turanci da Turanci, yakan fito da baki cike da kalmomi, hannu wayam.

Ba a ce magabata ba su yi aiki ba. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, Abraham a 1949. Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa, Roxana Ma Newman ta fitar da nata na Ingilishi zuwa Hausa a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ayyuka ne na shekaru, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma ban taɓa shiga shagon buga takardu a masarautar Gumel na ga ɗayansu a kan tebur ba. Suna ɗakunan karatu na jami'a, mu kuma rigimarmu tana bakin kasuwa.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ɗan littafi, wanda bai fi shafi arba'in ba, mai kalmomin da ke cikin takardun da mutanenmu ke riƙewa da hannunsu: takardar gona, fom ɗin bashi, katin asibiti, kwalbar feshi, rasidin maɗaba'a. Kowace kalma a faɗi abin da take nufi a wannan wurin, a faɗi 'yar'uwarta mai kama da ita da ake ruɗewa a kai, a kawo misali daga rayuwar nan. Muna da Kwalejin Ilimi a Gumel, da malaman Hausa da na Turanci a cikinta, da ɗalibai daga Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar waɗanda za su iya tattaro takardun a hutu ɗaya. Ƙananan hukumomin nan huɗu, har da ta Gumel, za su iya ɗaukar kuɗin bugawa ba tare da sun ji a jikinsu ba, a raba wa masu shagon kwamfuta da masu unguwanni da masu sayar da magani. A buga da boko, a buga da ajami, domin dattawa da yawa da ake kira jahilai a fom suna karanta ajami kamar ruwa. Sannan duk takardar da za a ce talaka ya dangwala wa yatsa, a karanta masa ita da Hausa a gaban shaidu. Wannan ma ba sabon abu ba ne: akwai tsohuwar dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ɗora wa mai rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa ya karanta masa ya kuma fahimta. Yawancin yaran da ke rubuta mana yarjejeniya ba su taɓa jin labarinta ba.

Bayan kamar wata guda na koma shagon. An goge "a" an sa "e", sabon fentin ya fi sauran haruffan duhu, a ƙasa kuma an ƙara da Hausa: kayan rubutu. Na tarar da wani dattijo zaune a kan benci, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa, tare da wani magidanci da za su yi takardar gona. Saurayin ya riga ya buga, yana shirin miƙa musu tawadar dangwale. Da ya gan ni sai ya dakata ya ce, "Malam, don Allah duba mana kafin su sa hannu."

A saman takardar an rubuta "Sale Agreement". Na fara karantawa ina juyawa da Hausa a hankali. Ban kai layi na uku ba dattijon ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Wa ya ce sayarwa? Jingina na ba shi. In Allah ya hore mini kuɗinsa, ko bayan shekara nawa ne, gonata ta dawo."

Magidancin ya ce, "Haka ne, Baffa, haka muka yi." Shi ma bai san abin da ke cikin takardar ba.

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya ce ita ke nan takardar gona da ya gada a cikin kwamfutar daga wanda ya koya masa aiki, duk wanda ya zo suna da kuɗi kawai yake canzawa. Ya yaga wadda ya buga gida biyu, ya jawo wani kwali da ya manna a bango kusa da kwamfutar, inda na ga ya riga ya jera wasu kalmomi shida ko bakwai da ma'anarsu. Ya cire murfin biro da haƙori.

"Malam, jingina da Turanci me ake ce mata?"

Na ce masa "pledge", na jera masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta, ya fita ya ƙara wa janareto fetur, muka fara daga layin farko.